Mala'ikan Takardar Ƙosai

Ranar Asabar ce, saura kwana tara Kirsimeti, a shekarar da na cika goma sha biyu. Da hantsi aka fito da tebur daga cikin coci aka ajiye a gindin mangwaro. Abu uku ne a kan teburin: kwalbar kananzir, kwalin ashana, da littafina. Dattawan ikilisiya huɗu suna jere a benci ɗaya, Fasto Dogara yana gefe a kujerarsa, matan zumunta da suka zo sharar coci sun tsaya riƙe da tsintsiya. An tara yaran unguwa an zaunar da su a ƙasa domin su gani su ji tsoro. Ni ina tsaye a tsakiya, ba takalmi, yatsuna suna raɗaɗin citta. An ce littafin Shaiɗan ne, kuma a gabana za a ƙona shi. Ban yi kuka ba. Ina auna taku nawa ne daga inda nake zuwa teburin, da taku nawa daga teburin zuwa inda katangar baya ta rushe. Ba ni da wani abu nawa na kaina a duniya sai wannan littafi, kuma ban yi niyyar komawa gida babu shi ba.

Sunana Rifkatu. A Kafanchan aka haife ni, a wani gidan haya bayan layin dogo, ɗaki takwas, rijiya ɗaya, da bishiyar gwanda da kowane ɗaki ke cewa tasa ce. Babana Yohanna ma'aikacin reluwe ne, kuma shi ke jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Idan ya buɗe baki ranar Lahadi, masu jiran jirgi a tasha suna jin sa. Sai aiki ya ƙare. Bayan shekara guda Mama ta rasu. Baba ya shiga gidan burukutu ya zauna. Ikilisiya ta sa shi horo, wato an cire shi daga mawaƙa, an hana shi Jibin Ubangiji, an ce ya riƙa zama a bencin baya kusa da ƙofa har sai ya gyara. Shekara biyu yana wannan benci. Yana zuwa kowace Lahadi, da wanka, da rigarsa guda mai kyau, ya zauna bakinsa a rufe, a tashi ya riga kowa fita. Ni kuwa ba a sa ni makaranta ba. Da safe ina ganin yaran gidanmu suna fita da farar riga, kowa da 'yar kujerarsa a ka, ni ina jan guga. Ni ce mai shara, ni ce mai wanki, ni ce mai neman itace a bakin layi, ni ce mai tuƙa tuwon masara da muciyar da ta kusa tsawona. Da damina in bi matan gida zuwa 'yar gonar da muke da ita a bayan gari, in yi ciyawa, in tsinko ganyen rogo da yakuwa, in dawo da dami a ka. Idan yaran sun taso daga makaranta suna wasan 'yar gala-gala a tsakar gida, ba a cika sa ni ba. "'Yar mashayi" suke ce mini, wasu a bayana, wasu a gabana. Waɗanda suka faɗa a gabana sun sha duka. Ba ƙorafi nake yi ba. Haka abin yake.

Abin da ya riƙe mu shi ne kaskon Inna Hadiza. Musulma ce, iyayenta da kakanninta 'yan kasuwar garin ne, tana soya ƙosai da doya a bakin hanyar tasha. Ta san Mama, tare suke zuwa niƙa. Bayan kwana bakwai da rasuwar ta aiko aka kira ni, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke 'yar Talatu, daga gobe a nan za ki riƙa karyawa." Ba ta ƙara ko kalma ba, ni ma ban yi godiya mai tsawo ba. Shi ya sa muka zauna lafiya. Aikina hura wuta, wanke wake, ɗebo ruwa, da yaga takarda. Takardar naɗe ƙosai ɗauri-ɗauri ake kawo mata daga wajen wani mai tsofaffin jaridu: jarida, takardun jarrabawa, buhun siminti, duk abin da ya samu. In yaga su daidai tafin hannu biyu, in jera a tire, in danne da dutse kada iska ta kwashe.

Wata safiya a ƙarshen damina na kwance sabon ɗauri na tafi ɗebo ruwa. Kafin in dawo Inna ta zari na sama ta sallami masu sayen farko. Na sauke bokiti, na kai hannu zan yaga, sai na ga mutum yana kallona daga cikin takarda. Yana kwance a rami, da doguwar baƙar riga, a gadon bayansa kututture biyu suna hayaƙi. An raba shafin gida-gida kamar tagogi, kowane gida da hotonsa, da rubutu a cikin wasu farare masu kama da ƙwai a saman kawunan mutane. Ban taɓa ganin irinsa ba. Yanzu yara suna ce masa komik. A lokacin ban san yana da suna ba. Ba shi da bango, an cire ƙarfen da ya riƙe shi, ganyen duk a tsinke, amma suna kwance kan juna yadda suka zo. Na ɗaga wasu, na ga fiffike. Sai na hau kan ɗaurin gaba ɗaya na zauna, na ce ba za a naɗe ƙosai da wannan ba. Inna ta ce in tashi. Na ƙi. Ta ɗaga cokalin suya, na rufe ido ban motsa ba. Ta sauke. Ta ce kowane ganye da na ɗauka in kawo mata biyu a madadinsa. Mako guda na yi ina bin wuraren gini ina tsintar buhun siminti.

Saura waɗanda suka riga suka tafi da ƙosai. Na san masu sayen safe ɗaya bayan ɗaya, na bi su. Mai faci ya goge hannu da nasa ya jefa a kwata, na tsamo na shanya a kan dutse. Wata malamar asibiti ta ba ni nata tana tambaya ko lafiyata ƙalau. Wani mai tura baro ya ce sai na yi masa rawa, na duƙa na ɗauki dutse, ya miƙo. Na huɗu akuya ta riga ni, rabi kawai na ƙwato daga bakinta. Duk huɗun sun sha mai har ana hango hoton baya ta gaba, kuma suka shafa wa sauran. Har littafin ya mutu yana ƙanshin ƙosai da yaji.

Inna ce ta ɗinka shi. Da farko ta ƙi taɓawa. Ta leƙa ta ga masu fiffike, ta ja baya ta ce, "A'uzu billahi! Wa ya taɓa ganin mala'ika har ya zana shi? Ku dai ba kwa jin tsoro." Amma da ta ga ina ƙoƙarin manna ganyen da ƙullun wake, ta ƙwace, ta ce in kawo basilla da zaren buhu. Inna ba ta yi boko ba, amma ta yi allo har ta sauke, tana karanta littattafan addininta da wasiƙun ajami na 'yan'uwanta. Ta juya tarin takardun har gefen da aka yaga ya koma hannun dama, ta daidaita a cinyarta. Ganye huɗun da na tsinto muka cusa su inda muka ga sun dace, gwargwadon abin da ke bayan mutumin na fiffike. Ta ɗinke tsaf, ta cije zaren, ta ce, "Littafi daga dama ake buɗe shi, ki bi da ido zuwa hagu. Kada ki yi mini karatun jahilai." Ni me na sani? Littafi Mai Tsarki na gidanmu yana kulle a akwatin Mama, a makarantar Lahadi kuwa da baki ake ba mu aya mu haddace. Na buɗe daga dama. Shafin farko shi ne mutumin cikin rami.

Na sa masa suna Ƙonanne. Ga abin da na karanta, ni da ban san ko harafi ɗaya ba. Ƙonanne yana kwance a rami, ba fiffike, ba kowa nasa. Ya tashi. Ya bi wani gari mai dogayen benaye inda ruwa ba ya ɗaukewa, mutane suna kauce masa. Ya zauna a wani ɗakin shan giya, kansa a kan tebur. Wannan shafin ban cika daɗewa a kansa ba. Wata mace mai goyo ta miƙa masa hannu. Ya yi kokawa da wani mai ƙaho da wutsiya a kan rufin gida, kuma a nan kututturen bayansa suka fara tsiro. Sai shafi guda cikakke, babu tagogi: yana tsakanin ƙasa da sama, kansa ƙasa ƙafafunsa sama, gashin fiffike yana yawo kewaye da shi, kowanne da wuta a jiki. Kwana biyu ina kallon wannan kafin in gane. Jan sa ake yi sama ta ƙafa, yadda na ga an fid da ɗan akuya daga rijiyarmu, gashin kuma dawowa yake yi ɗaya-ɗaya yana mannewa. A bakin wata babbar ƙofa mala'iku biyu sun riƙe shi ta hammata, sun tarbe shi ke nan. Wani babba ya ɗora takobi a kafaɗarsa yana daidaita masa fiffike. A shafin ƙarshe yana tsaye cikin haske a sahun gaba, fiffike a buɗe, baki a buɗe, tarin irinsa a bayansa suna waƙa. Inda hotuna suka ƙi bin hanya, sai in fara daga ƙasan shafi in hau, tunda mai hawa daga ƙasa yake farawa.

Da kaka ta yi aka fara tonon citta. A wajenmu lokacin citta babu yaron da ke zaune. Akwai wani faffaɗan dutse a bayan unguwa inda manoma ke zube ta. A ba kowa ƙaramar wuƙa, ka tsaga kowace saiwa biyu a tsaye, ka shanya ta cikinta yana kallon rana, ka kori kaji da awaki, da yamma a tattara a buhu. Aiki ne mai cin yatsa. Idan ruwan citta ya shiga inda wuƙa ta yanke ka, sai ka ji shi har ƙwaƙwalwa, kuma kada ka kuskura ka sosa ido. A nan na fara fitowa da littafin. Ranar farko yara uku ne suka leƙo. Kafin mako ya zagayo, ni da ba a sa wa a wasa, ana ajiye mini wuri a inuwa, wasu suna tsaga mini rabona domin hannuna ya samu buɗe shafi. Yaran layin Inna ma suna zuwa bayan sun taso daga allo. Na kafa doka. Ba mai taɓawa sai ya wanke hannu. Ba mai tsallake rami ya ce a nuna masa sama, kullum daga rami ake farawa. Na ƙara abin da babu a takarda: mai goyon na sa mata suna Asabe, na ce kunu take sayarwa, na ce mai ƙahon shi ya karɓe wa Ƙonanne aiki. Daga nan wasa ya fito. A kwantar da yaro a ramin da aka haƙi ƙasar gini, a ɗaura masa ganyen ayaba a baya, biyu su ja shi ta ƙafa zuwa saman dutse, sauran su tsaya a sama suna waƙa. Gwiwoyi da bayan yara sun sha kuje a wannan kakar. Kowa yana so ya zama Ƙonanne. Ba mai son zama mai ƙaho sai wani Ɗanladi, wanda ya ce dama haka uwarsa take kiransa.

Sai Bulus ya dawo hutu. Ɗan Dattijo Ishaya ne, babban dattijon cocinmu, yana sakandare a Kachia, ya zo da takalmi sau-ciki da Turanci. Ya tsaya a kanmu yana saurare, sannan ya miƙo hannu. Na ce ya wanke. Ya wanke, don yana so ya gani. Ya juya littafin, ya buɗe ta hagu, ya karanta kaɗan, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ke jahila! Daga ƙarshe kika fara. Wannan ba hawa yake yi ba, faɗowa yake yi." Ya nuna wa yara wasu ƙananan lambobi a gindin shafi. Ya ce mala'ika ne da aka aika ya hallaka wani gari, ya ƙi, ya yi wa Allah gardama, aka sare fiffikensa aka jefo shi. Waɗanda na ce sun tarbe shi, wurgo shi suke yi. Ya ce kuma wanda ya yi littafin yana bayan mala'ikan ne, ba bayan Allah ba. Yara suka juyo suna kallona. Akwai ɗanyar citta a hannuna, yanzu na tsaga ta. Na goga masa a fuska. Da kuka ya kai gida. Washegari Dattijo Ishaya ya zo gidanmu da kansa, ya ɗaga tabarmata, ya ɗauki littafin. Baba yana zaune a bakin ƙofa, ya matsa ya ba shi hanya. Wanda ke horo ba ya musu da dattijo. Kwana uku na je dutse na tsaga cittata da hannuna, a rana, ba wanda ya matso kusa da ni.

Haka muka kai wannan Asabar. Dattijo Ishaya ya yi magana mai tsawo. Ba mugun mutum ba ne, da hannunsa ya haƙa kabarin Mama. Tsoro ya ji, kuma da gaske. Ya ce waɗanda suka kawo mana bishara, jikokinsu ne yanzu suke aiko mana da Shaiɗan cikin doguwar riga. Ya ce 'ya'yan ikilisiya suna rige-rigen zama mala'ikan da ya yi tawaye, suna yi masa waƙa a kan dutse. Ya sa Bulus ya karanta wa jama'a. Bulus ya tashi, idonsa har yanzu ja, ya buɗe ta hagu, yana karanta Turanci yana juyawa da Hausa. Ranar na ji labarin yadda mai shi ya tsara: waƙa, gardama, takobi, faɗuwa, kokawa, giya, rami. A rami ya ƙare. Bulus ya rufe. Wata daga cikin masu tsintsiya ta ce, "Shi ke nan? A nan aka bar shi?" Bulus ya ce a nan aka bar shi. Dattijo ya kai hannu ga kwalbar kananzir, ni kuma na riga na ɗaga ƙafa. Sai Fasto Dogara ya ce a dakata. Tsoho ne, mutumin Fadan Kaje, Hausarsa irin ta gida ce, ba ta raba mace da namiji. Ya ce, "Yarinyan nan, an ce kai ma kana da naka karatu. Zo ka yi mu ji."

Na je na ɗauka. Da na ji shi a hannuna, zuciyata ta ce in ruga, ga katanga can. Sai na ɗaga kai na hango Baba. Ban san ya zo ba. Yana tsaye can bayan mata, a jikin ƙofar shiga, hularsa a hannu. Na juya littafin na buɗe ta dama. Ban iya dogon zance ba, ko yanzu. Amma wannan na faɗe shi har ya zauna a bakina. Na fara daga rami. Ina ɗaga kowane shafi sama domin na baya su gani. Da na zo ɗakin giya ban yi sauri ba, na tsaya a kansa, na ce, "A nan ya daɗe." Da na zo inda ake jan sa ta ƙafa, yaran da aka tara domin su ji tsoro suka manta, suka kama abin da suka saba yi a kan dutse: "Ja shi! Ja shi!" Wani dattijo ya daka musu tsawa, ba su ji ba. Mata suka matso, tsintsiya duk a ƙasa. Da aka kai bakin ƙofa aka tarbe shi, Mama Saratu, shugabar zumunta, ta ce "Yauwa!" da ƙarfi, kamar ɗanta ne ya dawo daga soja. Na buɗe shafin ƙarshe na riƙe shi a sama har hannuna ya gaji. Wata ta rangaɗa guɗa.

Dattijo Ishaya ya jira aka yi shiru. Ya ce, "Rifkatu, labarinki da daɗi, amma ba gaskiya ba ne. Mala'ikan da ya faɗi ba ya komawa. Babu tuba gare shi." Na ce, "To na bencin baya fa, Baba Dattijo? Shi ma ba ya komawa?" Ban shirya faɗin haka ba, fitowa ya yi. Ba wanda ya juya ya kalli Baba, kowa ya kafe wuyansa. Sai Mama Saratu ta taka zuwa tebur, ta ɗauki kwalin ashana, ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce tata ta ƙare a gida.

Fasto ya karɓi littafin. Ya buɗe ta hagu, ya buɗe ta dama, ya shinshina, ya duba ɗinkin. Ya tambaya wa ya ɗinka. Na ce Inna Hadiza mai ƙosai. Ya yi dariya har da tari. Da ya natsu ya ce Dattijo ya faɗi gaskiya game da mala'iku, shi ba zai canja abin da ikilisiya ke koyarwa ba. Ya ce, "Amma wanda ya zana wannan ya jefa mutum a rami ya tafi abinsa. Yarinyan nan ya shiga ya fitar da shi. In mun ƙona, na wa muka ƙona?" Ya yanke hukunci cewa littafi nawa ne, da sharaɗi uku. In ba Bulus haƙuri kan idonsa. Kada in ƙara kiran Ƙonanne mala'ika, in ce mutum ne da aka ara wa fiffike. Kuma ba mai ƙara buɗe wannan littafi ta hagu a cikin ikilisiyarsa, wanda ya yi zai share coci wata guda. Yana faɗin na ukun yana kallon Bulus. Na ba Bulus haƙuri a gaban kowa. Sharaɗi na biyu na riƙe shi kwana biyu.

Yara suka bi ni da ihu har bakin titi, Ɗanladi a gaba da yatsu biyu a ka kamar ƙaho. Baba yana jirana a waje. Bai yaba ba, bai yi faɗa ba. Ya karɓi littafin ya sa cikin rigarsa, muka taka zuwa gida. A hanya muka wuce gidan burukutu, aka kira sunansa daga ciki, bai juya ba. Ba zan yi ƙarya ba, ranar Talata ya koma gidan burukutun. Amma kafin nan, ranar Lahadi, da mawaƙa suka ɗauki waƙa ta biyu, sai murya ta taso daga bencin baya. Horo bai hana mutum waƙa daga inda yake zaune ba, shi ne ya hana kansa. Mawaƙan suka rikice, suka kalli juna, sannan suka bi shi, don shi ya koya wa yawancinsu. Ni ina cikin yara a gaba, ban juya ba, na san muryar. Ya yi shekara ɗaya da rabi yana bari yana komawa kafin ya bari gaba ɗaya, aka ɗage horon. Dattijo Ishaya ne ya riƙo hannunsa daga bencin baya zuwa gaba. Shekara shida ya yi yana jan waƙa kafin ya rasu. Inna kuwa, ranar Litinin da safe na ce mata ba su ƙona ba. Na gaya mata kuma Bulus ya ce a juye ta ɗinka shi. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga kasko. Ta ce, "Shi ne a juye. Hura mini wutar nan."

Littafin bai kai ni girma ba. Ya zaga unguwa uku, hannuwa suka cinye shi ganye-ganye. Bayan nan na ga abubuwa. Rikici ya shigo garinmu fiye da sau ɗaya, na yi gudu da goyo, na binne miji, na fara sana'a daga tushe sau uku. Inna Hadiza ta koma wancan ɓangaren gari inda nata suke, mu muka tattaru a namu. Da ta rasu na je gaisuwa, 'ya'yanta suka karɓe ni da mutunci, suka rako ni bakin titi tun kafin la'asar domin hankalin kowa ya kwanta. Yau ina Sabon Tasha ina sayar da busasshiyar citta. Na koyi karatu ina da shekara talatin da biyar a ajin matan zumunta, ta hagu, kamar kowa. Autata tana da irin waɗannan labarai a waya, ta nuna mini. Zanen ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Mala'iku masu takubba, masu fushi da sama, masu yawo a birane, ta ce har akwai waɗanda suke komawa. Tana karantawa ita kaɗai a kan gado, da yatsa ɗaya, ba mai leƙowa ta kafaɗarta. Ba ta taɓa karyawa a gindin murhun wadda ba addininsu ɗaya ba, kuma ba laifinta ba ne. Wani lokaci ina zaune a rumfa sai in ji ina so in sake ganin yaran coci da yaran allo a wuri ɗaya, kai da kai, suna jiran a buɗe shafi guda. Yanzu na iya karatu, amma ban ƙara karanta wani abu daidai kamar wancan ba.